Dambu Ba Yaji

Gwammaja, Kano
3 ga Nuwamba, 2012

Zuwa ga ubangidana na dole, Alhaji Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Sumayya da yara. Mu nan kowa ƙalau, sai maigidana Malam Hadi da gwiwarsa ta hana shi durƙusawa wajen fiɗar rago, ya tsaya a kaina yana ba da umarni. An yi Babbar Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana.

To, yaya hantata? Ita ya kamata in fara gaisarwa. Shekara biyu ke nan da wata huɗu tun da likitocin Indiya suka yanko fiye da rabinta suka dasa maka, suka jefar da taka mai ciwon daji. Yanzu tana zaune a Dubai ba fasfo ba biza, tana hawa jirgin ƙasan nan naku mai tafiya ba direba, ni mai ita kuwa a kalanda kawai na san garin. Babanka da Innata ciki ɗaya suka fito, shi namiji ita mace, wai don haka kai ne ubangida ni ce baiwa. Na yarda, taubasantaka ce, ba ni na ƙirƙiro ta ba. Amma duk faɗin Kano ban taɓa jin ubangidan da ke yawo da hantar baiwarsa a cikinsa ba sai kai.

Alhaji Mika'ilu mai atamfa na Kantin Kwari zai taso ranar Laraba, na ba shi saƙonka kamar kullum. Akwai dambun nama cikin bokitin roba, na cinyar ragon layyarmu ne, ba na sayarwa ba. Da hannuna na daka, na sa barkono yadda kake so, irin wanda kake ci kana sharar hanci kana cewa a ƙaro. Ga yaji kwalba biyu, ga kuka, ga daddawa na naɗe ta a leda uku don kada ta tona wa Alhaji Mika'ilu asiri a filin jirgi.

Kada ka kira ni a waya ka ce "an gode" cikin minti ɗaya ka kashe. Ka zauna ka rubuta. A waya kowa lafiya lau yake.

Baiwarka mai riƙe da kai,
Ummi Kulsum


Abu Hail, Dubai
22 ga Nuwamba, 2012

Zuwa ga baiwata Kulsum,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Sumayya da yara suna gaishe ku, a yi wa Malam Hadi sannu da gwiwa. Hantarki ma tana gaishe ki, ta ce zaman Dubai ya karɓe ta.

Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Aiki ya yi mana yawa a shago, ƙarshen shekara kowa so yake kayansa su shiga kwantena yau su sauka Legas gobe.

Wata alfarma nake nema. Daga wannan karon ki dakatar da aiko min da dambu da yaji, sai na ce miki. Kada ki wahalar da kanki. Wanda kika aiko na ba Iddi, wani ɗan Ghana da muke bene ɗaya, ya ce in gaya miki ko a Kumasi bai taɓa cin irinsa ba.

Ki yi haƙuri da gajartar takardar, hannuna ba ya son biro kwanan nan.

Ubangidanki,
Ɗalhatu


Gwammaja, Kano
9 ga Disamba, 2012

Alhaji Ɗalhatu,

Salama gare ka. Muna lafiya. Gwiwar Malam da sauƙi, tunda ka tambaya.

Sau huɗu na karanta takardarka, na biyar na ba Malam Hadi ya karanta min ko idona ne ya fara ƙarya. Cinyar ragon layyata ka ɗauka ka ba ɗan Ghana? Ba ni da faɗa da Iddi, Allah ya sa ya ci lafiya, mutum ne mai sanin abu mai kyau. Da kai nake. Shekara goma sha ɗaya kana Dubai, shekara goma sha ɗaya ina aiko maka, ko ranar da nake fama da ɗinki a cikina bayan mun dawo daga Indiya sai da na sa aka ɗora min tukunya ina zaune ina faɗa. Ba ka taɓa cewa kada in wahalar da kaina ba sai yanzu.

Ka san dai a gidanmu ba a mayar wa mutum da abincin hannunsa sai an gaji da shi. In wani laifi na yi, ka faɗa min. In kuwa shinkafar Larabawa ce ta gyara maka harshe har dambun Gwammaja ya zama abin kunya a firjinku, shi ma ka faɗa, ba zan mutu ba. Raina ya ɓaci, Ɗalhatu, ba zan ɓoye maka ba. Na yi kuka a kan turmi, kuma ba albasa ba ce.

Na bi umarnin ubangida. Wannan karon takarda ce kawai ba bokiti, Alhaji Mika'ilu har ya yi min godiya don an rage masa nauyi. A gaida Sumayya, ita ba ta yi min komai ba. Hantata kuma ka ce mata ta yi haƙuri da inda ta tsinci kanta.

Kulsum


Gwammaja, Kano
17 ga Fabrairu, 2013

Ɗalhatu ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Yaya jikinka? Kada ka ce min da sauƙi, na riga na ji.

Wata biyu ina jiran amsarka, ina ta hura hanci ni kaɗai. Sau uku na haɗiye fushina na kira, sau uku Sumayya ta ce kana hutawa. Shekaranjiya na je Kantin Kwari na tsare Alhaji Mika'ilu a shagonsa. Da farko ya ce jikin ne ya ɗan motsa. Na zauna a kan dilar atamfarsa na ce ba zan tashi ba har a rufe kasuwa. Da ya ga da gaske nake sai ya ce ka roƙe shi kada ya faɗa, amma ciwon dajin ya dawo tun kafin Babbar Sallah, ka rame, kana tafiya da ƙyar. Ya ce abin da 'yan Kano ke faɗa a can shi ne dashen ne bai yi ba.

Ashe ina nan ina yi maka faɗa a kan cinyar rago kai kana can kana fama. Ka yafe min wannan takardar, ka ƙona ta.

Tun da na dawo gida abu ɗaya ke cin raina. Hantarka ta farko an cire ta an yar. Wadda ke cikinka tawa ce. In ciwo ya sake fitowa, ai daga tawa ya fito. Na ɗauka taimakonka na yi, ashe lalatacciya na ba ka, kuma ina ta yi maka gori a kowace takarda. Ban iya cin abinci ba, Malam Hadi yana ta yi min nasiha ina jin sa kamar rediyon maƙwabta.

Jiya na je asibiti aka duba ni. Likitan ya ce tawa ta tofo ta cika wurinta, bai ga komai ba, amma ban yarda da na'urarsa ba. Na tambaye shi ko za a iya sake yanka a ba ka, ya ce ba a yi wa mutum sau biyu. Shi a nan yake, bai san na can ba. Ka tambayi likitocinka. In hantar tawa gaba ɗaya ba ta da kyau a bar ta, in kuma ɓangaren da aka ɗauka ne kawai marar kyau, ga sauran nan, fasfona bai mutu ba, Malam ya amince.

Ya kuma karɓo maka wani jiƙo a wurin mai magani a Kurmi, an ce yana wanke hanta. Ka ce min in aiko.

Don Allah ka rubuto, ko layi biyu ne.

'Yar'uwarka,
Kulsum


Abu Hail, Dubai
6 ga Maris, 2013

Zuwa ga baiwata mai gardama,

Wa'alaikumus salam. Jiki ba sauƙi sosai, tunda kin hana ni faɗar da sauƙi, amma ina nan da raina, ina zuwa shago sau biyu a mako. Sumayya ce ke rubuta wannan ina faɗa mata, in kin ga rubutun ya yi kyau kada ki ce ciwo ya gyara ni.

Da farko ki ajiye fasfonki. Na biyu ki ci abinci. Na uku ki saurare ni da kyau, don sai da na ɗauki takardarki na kai wa likitata, wata 'yar Indiya ce 'yar ƙarama mai faɗa irin naki, na fassara mata wurin da kika ce lalatacciya kika ba ni. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce wa ya gaya wa baiwar Allah wannan magana. Na ce 'yan kasuwa. Ta ce to su tsaya a kan atamfa.

Ga yadda abin yake. A watan Satumba gwajin jinin da ake min duk wata uku ya nuna wani abu ya hau. Aka sa ni a na'urar hoto, aka ga ƙari guda ɗaya, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, a huhuna na dama. A huhu, Kulsum, ba a hanta ba. Likita ta ce tun kafin a cire tsohuwar hantata wasu 'yan ƙwayoyin ciwon sun riga sun sulale cikin jini sun laɓe, ba na'urar da za ta gan su a lokacin. Maganin da nake sha don kada jikina ya ƙi hantarki yana rage wa jiki ƙarfin faɗa, shi ne suka samu sarari suka ɗago kai. Kayana ne, daga gidana suka fito. Taki kuwa ta juyo min da hoton ta nuna min ita, sumul. Ga abin da ta ce, Sumayya shaida ce: "Duk jikinka ba inda ya kai wannan hantar lafiya. Ba don ita ba, da ba za ka iya ɗaukar maganin da muke ba ka ba."

An canza min maganin dashen zuwa wani, aka ƙara min wasu ƙwayoyi na ciwon daji, biyu da safe biyu da yamma. Su ne suka gasa ni. Tafin hannu da na ƙafa suka yi bororo suka saɓule, shi ya sa na ce miki hannuna ba ya son biro, ba yanga nake ba. In kin gan ni ina ratsa lungunan Al Buteen cikin silifas ɗin Sumayya mai laushi, mai fure a kai, sai kin yi dariya har kin zauna. 'Yan dako suna min "shwaiya shwaiya, Alhaji", wato a hankali da Larabci, suna kauce min da kura.

Baki kuwa duk ya yi gyambo. Ranar da bokitinki ya iso na buɗe, ƙamshin ya cika ɗaki, na manta da kaina na dumbuza na watsa. Kulsum, na ga wuta. Na rungumi famfo hawaye na zuba, yara suna tambaya ko Baba ya ƙone. Kwana biyu bokitin yana kallona ina kallonsa, ina jin ƙamshi ba halin ci, shi ne na ce Iddi ya zo ya raba mu. Na rubuta miki waccan takardar ina ganin na yi dabara, ashe wauta na tafka.

Abin da ya sa na ɓoye kuwa, na san ki. Tun muna yara a gidan Kaka in an fasa tulu ke ce mai kuka ko ba ke kika fasa ba. Na ce in kin ji za ki ɗora wa kanki, gara ki yi fushi da ni. Sai ga shi kin yi fushin, kin kuma ɗora wa kan naki, na yi asara sau biyu. Ni ne mai neman yafiya.

Jiƙon Malam a yi masa godiya, amma kada a aiko. Likita ta ce ko ganyen shayi ne baƙo sai ta sani, don irin waɗannan suna rikita maganin dashen, jiki ya juya wa hantar baya. Ki gaya masa hantarki muke karewa, zai fahimta.

Yanzu ga inda ake. Wata biyar suna kallon ƙarin, bai girma ba, bai kuma haifi wasu ba. Saboda haka likitan tiyata ya yarda ya cire shi a farkon watan Mayu. Amma ya kafa sharaɗi. A da kilona saba'in, yanzu hamsin da takwas. Ya ce in ban kai sittin da biyu ba ba zai taɓa ni ba, jikin ba zai ɗauka ba, kuma in aka wuce lokacin ba wanda ya san abin da ƙarin zai yi. An rage min ƙwayoyin don in iya ci, amma komai na sa a baki ɗanɗanon kwali nake ji. Sumayya ta dafa na Larabawa, ta dafa na Indiyawa, Iddi ya kawo wake da shinkafarsu, cokali uku nake yi in ajiye. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye miki ba wannan karon.

Ubangidanki mai silifas ɗin mata,
Ɗalhatu


Gwammaja, Kano
21 ga Maris, 2013

Zuwa ga ubangidan da bai iya dabara ba,

Assalamu alaikum. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Muna lafiya. Ranar da takardarka ta zo na ci tuwo malmala biyu, Malam Hadi ya ce a yi wa likitarka addu'a ta musamman. Ka gaishe min da ita, ka ce mata na ji abin da ta faɗa a kan hantata, dama ni na san ba a banza na reni abata ba.

Yafiya kuwa na yafe, amma ban manta ba, za mu yi maganar in ka warke.

Yanzu ka buɗe kunnenka. Abin da ke cikin bokitin nan ban taɓa yin irinsa ba, shekara ashirin ina sana'ar dambu. Ba barkono, ba citta, ba masoro, ba kanumfari. Kaji shida na sa aka yanka, manya masu mai, na dafa su da albasa da ɗan gishiri kaɗan har naman ya saki ƙashi da kansa. Na daka shi ya yi laushi kamar auduga, na soya a man gyaɗa sama-sama don kada ya yi ƙarfi ya kankare maka baki. Ina yi hannuna yana kai kansa wurin gwangwanin yaji ina janyo shi. Sai da na rufe ƙofar gida, amma duk da haka maƙwabciyata ta shigo aron rariya, ta ɗanɗana, ta dube ni ta ce ko ba ni da lafiya ne. In ka gaya wa wani a Dubai cewa Kulsum ta Gwammaja ce ta yi wannan dambun, zan rantse ban san ka ba.

Ga yadda za a yi. Sumayya ta sake ɗumama shi sosai kafin ka ci, na san ku masu dashe ba a wasa da abincinku. Ta yi maka tuwon shinkafa ruwa-ruwa da miyar kuka ba yaji, ta barbaɗa dambun a ciki ya jiƙa. Ga garin kunun gyaɗa na haɗo, a dama da kauri a sa madara. Kada ka jira yunwa, ba za ta zo ba. Ka ci kaɗan-kaɗan sau shida a rana, ko kana so ko ba ka so. Ka nuna wa likitar tukuna, in ta hana wani abu a ciki a bar shi.

Kilo huɗu ne kawai, Ɗalhatu. Na yi kiwon rago ya ƙara fiye da haka a wata ɗaya, kuma shi ba a lallashinsa. Wani bokitin yana tafe cikin mako uku, na riga na gaya wa Alhaji Mika'ilu, ya ce ai hutunsa ya ƙare.

In na ji labarin Iddi ya ɗanɗana ko ƙwaya ɗaya, da kaina zan zo.

Baiwarka,
Kulsum


Abu Hail, Dubai
19 ga Mayu, 2013

Zuwa ga Kulsum, uwar ɗakin ubangidanta,

Wa'alaikumus salam. Ki duba rubutun nan, nawa ne, da hannuna, shi ya sa ya karkace. Sumayya da yara suna lafiya suna gaishe ku. A gaida Malam Hadi, a ce masa addu'a ta karɓu.

An yi aikin ranar bakwai ga wata. Kwana biyu kafin nan aka ɗora ni a sikeli, na cire agogo na cire hula don kada a ce na yi maguɗi, ya nuna sittin da biyu da rabi. Likitan tiyata ya ce yalla, wato mu je a yi. Ƙananan huji uku ya yi min a haƙarƙari ya zaro abin, kwanana biyar a asibiti aka sallame ni. Sun kai shi ɗakin bincike sun tabbatar irin na tsohuwar hantata ne, kamar yadda aka faɗa. Na ce a rubuta min a takarda, ga ta nan na haɗo miki, ki kai wa 'yan Kantin Kwari su karanta.

Dambunki kuwa, gaskiya ranar farko da na sa a baki sai da na yi dariya, don na hango irin fuskar da kika yi kina daka shi. Ba daɗi, Kulsum, ke ma kin sani. Amma ƙamshin gida ne, kuma bai cije ni ba. Na cinye kwano, abin da rabona da yi tun Satumba, Sumayya ta juya baya tana goge ido. Bokiti biyu na tashi da su ni kaɗai. Iddi ya zo dubiya ya yi ta kallon firji, na ce masa khalas, an daina, wannan magani ne.

Ba a ce min na warke ba, kada in yi miki ƙarya. Likita ta ce irin wannan ciwon yakan sake leƙowa, za a ci gaba da ƙwayoyin amma kaɗan, kuma duk wata uku sai hoto. Na gaba yana cikin Agusta, bayan Ƙaramar Sallah. Baki ya fara warkewa, ta ce in komai ya tafi daidai zuwa lokacin zan iya taɓa barkono, zan kuma iya hawa jirgi.

Saboda haka ki daka yaji, na gaske, ki rufe a kwalba ki ajiye, kada ki ba Alhaji Mika'ilu. In hoton ya fito fes, ni zan zo Gwammaja in zauna a tabarmarki in ci a gabanki ina sharar hanci, in kawo miki hantarki ku gaisa. In kuma bai fito fes ba, ba a Kantin Kwari za ki ji ba. Ke zan fara rubuta wa, da hannuna, ko da ya yi bororo.

Ɗan'uwanki,
Ɗalhatu